Maki Ba Wahayi Ba Ne: Kurakuran Da Sababbin Shiga Gasar Badujala Ke Ta Maimaitawa

Da zarar ƙarshen watan Yuni ya yi aka buɗe gasar 'yan badujala a nan Amurka, wayata ba ta sake samun hutu sai tsakiyar Agusta. Saƙonnin duk kanwar ja ce: an zalunce mu, alƙalan nan da nasu suka zo, shekaranjiya mun ci 76 yau kuma 74 alhali yau muka fi kyau. Masu turowa yara ne sababbin shiga, da iyayensu, da ƙananan masu horarwa da suka kama aiki bana. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa zan zube ta a nan kowa ya ɗiba. Ni dai tun muna sakandare a gida na fara buga ganga, a macin 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba, sannan bayan zuwana ƙasar nan na yi bazara huɗu ina mataimakin mai horar da makaɗa a wata ƙaramar ƙungiya. Yawancin kurakuran da zan faɗa ni ma na tafka su, biyu daga ciki har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ga wanda bai san harkar ba, hukumar da ke shirya babbar gasar ita ce DCI (Drum Corps International), wadda ta yi gasarta ta farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wiskonsin. Tun 2009 a filin Lucas Oil na birnin Indiyanafolis ake kammalawa, cikin watan Agusta, kuma ƙungiyoyi 12 ne kawai ke kaiwa daren ƙarshe. Ƙungiya na iya shigowa da mutum 165: mabusa ƙaho, makaɗa, da masu juya tuta. Duk matasa ne, da mutum ya kai 21 ko 22 ya gama nasa. Wasan yakan ɗauki kamar minti 11 da 'yan kai, a kan filin ƙwallon Amurka, ana kiɗa ana gudu ana sauya sahu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaro ya yi wata biyu yana kwana a kan siminti saboda maki, amma bai san yadda ake raba makin ba. Ɗari ne. Kashi 40 na tasirin wasan ne gaba ɗaya, wato yadda ya kama zuciyar mai kallo. Kashi 30 na abin da ido ke gani ne: tafiya, tsarin sahu, da masu tuta. Kashi 30 na kiɗa ne: busa, ganguna, da yadda kiɗan ya haɗu. A ɓangaren ido da na kiɗa, alƙalai uku-uku ne, kowa na bayar da maki a kan 20, a tara ya zama 60, a raba biyu. Ma'ana alƙalin ganga da kuke ta tsine wa, maki 10 kacal ke hannunsa cikin ɗari. In ya rage muku 0.2, abin da ya isa jimla 0.1 ne. Sannan kowane 20 ɗin nan rabi biyu ne, 10 na abin da aka tsara muku, 10 na yadda kuka aiwatar da shi. Ku riƙe wannan rabon, zan dawo kansa, don a nan na karya ƙafata.

Na gaba shi ne gwada makin wuri da na wani wuri. A dare ɗaya ana iya yin gasa a Ohayo ana yin wata a Teksas, sai ka ga mutum ya jera lambobin a takarda ɗaya yana cewa mun wuce su wane. Ba ku wuce kowa ba. Alƙalai daban, fili daban, tsayin benen da alƙali ke zaune daban, abokan karawa daban. Aikin alƙali na farko shi ne ya jera waɗanda ya gani a daren nan, wa ya fi wa, sannan ya nemo lambar da za ta nuna tazarar da ke tsakaninsu. Lambar ta biyo bayan jerin ne. Saboda haka in ka sauka daga 76 zuwa 74, abin dubawa shi ne ƙungiyar da kuke gogayya da ita: shekaranjiya tazararku nawa, yau nawa? In ta ragu kun ci gaba, ko da lambar ta faɗi.

Yanzu ga babban. Shekarata ta farko, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, yaranmu suka buga wasan da a kunnena ya fi duk na baya. Aka kira maki, sai ga mu a ƙarƙashin wata ƙungiya da muka saba wucewa a ganga. Raina ya ɓaci. Al'adar gasar ita ce kowane alƙali yana magana cikin na'ura tun daga farkon wasa har ƙarshe, yana faɗin abin da yake ji da gani, a tura wa masu horarwa muryar. A wasu darare kuma, bayan an tashi, akan zauna da alƙalai na 'yan mintuna a yi tambaya. Ni ban saurari muryar ba. Ina zan saurara, ai na riga na yanke hukunci! Na shiga ɗakin nan ina huci, na zauna gaban dattijon da ya yi alƙalancin ganga, na ce masa da alama da makinsa ya zo a aljihu tun daga gida. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya ce, “Sau uku na ambaci manyan gangunanku a cikin muryar, suna ja baya duk lokacin da suka juya wa gaba baya. Wanne daga cikin ukun ne ba ka yarda da shi ba?” Na rasa ta cewa. Mintunan da aka ba mu suka ƙare ban samo wa yaran komai ba, shugaban masu horarwarmu yana gefe yana kallon ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi, kunya ce ta mutum ɗaya. Amma tun kafin in shiga ɗakin na riga na tsaya a bakin mota na ce wa yara 20 da wani abu, “Kada ku damu, cutarmu aka yi.” Wannan maganar ita ce dafin. Mako biyu bayan haka, duk gyaran da na kawo sai in ga ana kallona da gefen ido, kamar ana cewa to malam, ba kai ka ce alƙali ne ba? Yaron da ke riƙe da babbar ganga ta uku, wanda shi ne ke ja baya, ya daina zuwa ƙarin atisayen da muke yi kafin karin kumallo. Me zai gyara tunda an ce masa ba shi da laifi? Da na saurari muryar daga baya a cikin mota da dare, wallahi kamar dattijon yana tsaye a bayana: ga wurin nan, ga wurin nan, ga na ukun. Ƙungiyar nan da ta wuce mu ba mu ƙara kama ta ba har aka tashi gasar. Laifi tudu ne, ni na tsaya a kan nawa ina hango na alƙali, na kuma ɗora yara a kai.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, ba kowa ke bin ta ba, wasu abokan aikina ma dariya suke mini. Ba na duba takardar maki sai na saurari muryar alƙali sau biyu, na farko idona a rufe, na biyu da biro da littafi ina rubuta minti da daƙiƙa. Ba a ambaton alƙali a cikin mota, ko da yabo ne. In zan shiga zama da su, tambaya biyu kawai nake shiga da ita a rubuce, kuma ta farko kullum ita ce: da kai ne ke horar da yaran nan gobe da safe, da me za ka fara? Alƙalin da bai taɓa sakar mini fuska ba, ranar da na yi masa wannan tambayar sai da aka buga ƙararrawa yana magana.

Kada wani ya ɗauka ina cewa alƙalai mala'iku ne. Akwai son rai a harkar, kuma duk wanda ya ce babu bai daɗe a ciki ba. Har zuwa 1983 ana amfani da tsarin ƙirga kuskure, alƙali na bin sahu da allo yana zana layi, kowane layi a zare 0.1. Daga 1984 aka koma tsarin ginawa, a ba ka gwargwadon abin da ka cim ma. Tsofaffi har yau suna kukan tsohon tsarin wai shi ne na gaskiya, amma ko a lokacin, wa ke yanke cewa wannan bugun kuskure ne wancan ba kuskure ba? Mutum ne dai. Yanzu kuwa maki 40 sun rataya a kan tambayar da ba ta da ma'auni: wasan ya taɓa ka? Ƙari a kan haka, wanda ya fara shiga fili da rana tsaka yana cikin matsala, don alƙali dole ya bar sarari a sama saboda manyan da ba su fito ba tukuna, kuma suna na da nauyinsa a kunnen ɗan Adam. A 1993 ƙungiyar Star of Indiana ta zo da wasan da ya raba kan 'yan kallo, Cadets ta doke ta da 0.1, har yau ana musu a kai. Sau uku ma aka tashi kunnen doki a matsayi na ɗaya: 1996, 1999 da 2000. A 2008 Phantom Regiment ta taso daga ta uku ta koma ta biyu, a daren ƙarshe ta wuce Blue Devils ta jihar Kalifoniya da 0.025. Wa zai rantse cewa kunnensa na jin bambancin 0.025? Da wasu alƙalan aka zaunar a daren, mai yiwuwa da kofin ya tafi Kalifoniya. To in manya ma haka suke rayuwa da abin, kai da kake ta 20 da wani abu, wane ne ya ƙulla maka makirci?

Ƙananan kurakurai kuwa ga su nan birjik. Akwai mai buga wa alƙali: da ya hango shi kusa sai ya ƙara ƙarfi, ya fita daga sahun 'yan uwansa, alhali abin da ake nema shi ne ganga tara su yi ƙara kamar ɗaya. Akwai mai ƙwarewa a wurin ajiye motoci, inda ake ɗumama hannu ana ɗaukar bidiyo, a cikin fili kuma ya watse da zarar ƙafa ta fara aiki. Akwai mai bin kunnensa a inda ya kamata ya bi ido. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, faɗin filin kuma ya kusa mita 49, don haka in kana can baya ka jira ka ji masu marimba na gaba, wato masu kaɗa jerin katako a bakin fili, sannan ka buga, kafin bugunka ya iso benen alƙalai ka makara. Ka kalli hannun mai ba da umarni, na gaba su ne za su saurare ka. Akwai mai raina littafin matsayi, ya ce ai ya haddace inda zai tsaya. Akwai kuma mai kashe metronom, na'urar da ke daidaita saurin bugu, don wai yana takura masa. Shi ne ma ya fi buƙatarsa.

Sai na biyun da ya ci ni da tsada, kuma wannan kwaɗayi ne tsagwaronsa. A bazara ta uku aka ba ni damar rubuta wa makaɗa wani yanki na wasa, kusan minti ɗaya su kaɗai. Na kwana ina kallon bidiyon Blue Devils da Santa Clara Vanguard, na ce mu ma sai mun nuna. Na cusa bugu a kowane lungu, hannu na tsallake hannu, ana gudu da baya. A takarda abin gwanin sha'awa. Abin da na ƙi tunawa shi ne waɗancan ƙungiyoyin daga cikin ɗaruruwan masu nema suke tsamo makaɗa tara, ni kuwa rabin yarana shekara 16 gare su, wasu bara suka fara riƙe sanda. Lissafina shi ne makin abin da aka tsara zai ɗaga mu. Ashe rabin nan biyu a ɗaure suke da juna. Alƙali ba zai ba ka ladan wahalar da bai ji ta fito ba. In ganguna bakwai suka buga abu ya fito kamar ruwan sama a kan kwano, shi ba ya jin gwanintar da ka rubuta, hayaniya yake ji. Sai ya rage maka a aiwatarwa, ya kuma kasa ɗaga ka a tsari.

Tun makon farko muryoyin alƙalai ke faɗin haka, cikin ladabi: akwai tunani mai kyau a nan, amma bai bayyana ba tukuna. Ni kuma na kafe, na ce da atisaye zai zo. Na ƙara musu awa. Yarinya ɗaya wuyan hannunta ya kumbura. Sai a ƙarshen Yuli, saura mako biyu a tashi, shugabanmu ya kira ni gefe ya ce ko in rage ko ya ba wani ya rage. Na zauna na zare kusan sulusin abin da na rubuta. Kwana uku aka yi makin ganga ya fara hawa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya: hannun yaran ya riga ya saba da tsohon, a daren da ya fi muhimmanci biyu daga cikinsu suka koma bugun da aka soke. Har yau ina jin wannan daƙiƙar a kunnena.

Yadda nake yi yanzu, in na rubuta abu na ba shi kwana 10. In a rana ta goma mafi rauni a sahu bai iya buga shi sau bakwai cikin goma yana tafiya ba, na yanke, ba na shawara da zuciyata. Wasu masu horarwa na ganin wannan tsoro ne, suna cewa yaro ba ya girma sai an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai gaskiya a ciki. Amma ya fi sauƙi ka ƙara gishiri a Yuli da ka tsame shi.

Ku kuma tsofaffin 'yan ƙungiya, bari in juyo kanku, don abin da kuke kira al'ada wani lokaci mugunta ce kawai da ta daɗe. Kowa ya san rayuwar: atisaye daga safe har dare tun ƙarshen Mayu, kwana a daɓen ɗakin motsa jiki na makarantu, barci a mota, wanka a layi, ga dubban daloli da iyaye suka biya. Wahalar ta isa haka. Ba sai kun ƙara da sa sabon shiga ɗaukar kayan kowa ba, ko yi masa dariya don ya nemi shan ruwa a zafin Teksas na watan Yuli. Na ga yaro ya ɓoye ciwon ƙwauri mako guda don kada a ce masa rago, da aka kai shi asibiti ashe ƙashin ya tsage, bazararsa ta ƙare a kan kujera. Wanda ya ga yana ɗingishi ya yi shiru, da shi a cikin laifin. Kuma wannan shirun, na kada a ɓata sunan ƙungiya, shi ne ya rufe abubuwan da suka fi ciwon ƙafa muni. A 2018 da zarge-zargen cin zarafi suka fito fili a wata babbar ƙungiya, sai da dukan harkar ta girgiza aka sake dokokin kare yara. In yaro ya zo maka da ƙorafi a kan babba, ba kai ne alƙali ba, ka kai maganar inda doka ta ce a kai, a ranar.

Makaɗa kuma, ku rage girman kai. Na san halinmu: mu ci abinci mu kaɗai, mu zauna a bayan mota, mu ɗauka sauran 'yan rakiya ne. Akwai kambin gwanayen ganga, wanda aka sa wa sunan Fred Sanford, kuma abin alfahari ne, amma ƙungiya na iya ɗaukarsa ta rasa kofin. Mai tutar da kake raina tana riƙe da maki 10, daidai da naka. Masu dafa abinci a motar girki 'yan sa-kai ne, yawancinsu iyaye da suka ɗauki hutu daga aiki. Ka gaishe su, ka wanke farantinka. Ƙungiyoyin nan ba duwatsu ba ne. Santa Clara Vanguard ba ta fito ba a 2023 saboda kuɗi, Cadets kuwa, mai kofi 10, wadda aka kafa tun 1934, ta rufe a 2024.

Wurin kiran maki, in an jera ku a fili, fuska ɗaya ake so ko an kira ku na ɗaya ko na ƙarshe. Kukan a bari sai an shiga mota. Iyaye kuma da ke bene, ihun da kuke yi wa yaran wasu don sun wuce naku, 'ya'yanku na ji, kuma gobe da safe ni ne zan sha fama da su.

Mafi girman makin da aka taɓa samu a daren ƙarshe shi ne 99.65 na Blue Devils a 2014, su ma ba su cika ɗari ba. Saboda haka don girman Allah, a daina turo mini hoton takardar maki da ƙarfe 2 na dare da alamar tambaya uku. A turo mini muryar alƙalin ganga, a kuma rubuto mintin da aka ƙi yarda da shi, da safe in na sha shayi sai mu saurara tare.